Gaisuwa a Bakin Baƙin Rami

A garin Malumfashi an yi wani saurayi gajere, mai yawan magana, ana ce masa Lurwanu. Tun yana ƙarami ba shi da zance sai na sama. Ya yi karatun kimiyya har jami'a, ya nemi aiki a duk hukumar da ya ji sunanta ya haɗa da sararin samaniya, ba wadda ta ce masa ko ci kanka. Da zaman ya ishe shi sai ya kama ɗaura wa mutane farantin satalayit a kan rufi, yana cewa ko ba komai ya matsa kusa da wurin aiki. 'Yan gari suka laƙaba masa Ɗan Sama Jannati. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Lurwanu na tsoron bisa kamar mutuwa. In zai hau tsani ido rufe yake hawa, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga banɗaki.

Wata rana da tsakar rana, lokacin da manya ke hana yara yawo, yana kan wani bene rungume da faranti, sai ga guguwa ta taso daga bakin kasuwa. Ba ta tsaya ko'ina ba sai kansa. Ta ɗauke shi da farantin, ta zaunar da shi a ciki kamar an zuba ƙosai a tire, ta yi sama. Lurwanu ya leƙa sau ɗaya, ya hangi garinsu ya koma kamar tabarmar da aka shanya gero, bai ƙara leƙawa ba.

Sai ya ji an ce, "Ya kai bil'adama, albishirinka!"

Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "Goro."

Da ya buɗe ido ɗaya sai ya ga wani ɗan aljani zaune a gefen farantin, tsawonsa bai fi muciya ba, ja wur kamar garwashi.

Aljanin ya ce, "Sunana Barkono, ɗan Tattasai, jikan Attaruhu, wanda ya auri 'yar Sarkin Hayaƙi a shekarar da aka yi kusufi, ko da yake wasu na cewa ba 'yarsa ba ce, 'yar ƙanensa ce, amma wannan zance ne mai tsawo, zan ba ka shi a hanya. An ɗauke ka aiki."

"Wane aiki? A ina?"

"A inda ka nema mana. Duk kukan neman aikin da kake yi a kan rufin mutane, farantan nan sama suke aiko shi. Ya hana mu barcin rana."

Daga nan Barkono ya ɗauko tarihin auren kakansa, bai dire ba har suka wuce wata.

Can bayan duniyar wata akwai wani birni da aka gina da gajimare da ƙarfen taurari, babu ƙasa ƙarƙashinsa, babu abin da ya riƙe shi. Lurwanu ya ga aljanu ko'ina a bakin aiki. Wasu na goge taurari da tsumma. Wasu, da sanduna a kafaɗa, na kiwon taurari masu wutsiya. Wata tsohuwar aljana na share tarkacen kumbon 'yan'adam da tsintsiya tana mita, wai mutane ba su san a kwashe shara ba ko a gidan wani. Duk wanda suka wuce sai Barkono ya fara gaishe shi, shi kuwa ya toshe kunne ya canja hanya.

Aka kai shi gaban shugabar birnin, Magajiya Walƙiya, wata doguwar aljana wadda in ta ƙifta ido sai zauren ya haskake. Lurwanu ya zube ya yi gaisuwa.

Magajiya ta ce, "Kwantar da hankalinka, ya ɗan Adamu. Mu musulmin aljanu ne, ma'aikata. Ba ma satar ji, ba ma shiga jikin kowa, aiki ya yi mana yawa. Matsala ce ta taso. A can ƙuryar sarari akwai wani rami baƙi ƙirin, muna kiransa Haɗiyau. Tun kakanninmu yana zaune wuri guda, yana haɗiye abin da ya kusance shi. Yanzu ya taso, yana tahowa nan. Ya cinye mana makiyaya uku da garkensu. In ya gama da birnin nan, ranar da ke haska duniyarku ce a gabansa."

Jin an taɓo karatunsa, Lurwanu ya manta da tsoro. Ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Ranki ya daɗe, ai wannan shi ne baƙin rami! Tauraro ne babba da ya mutu ya dunƙule, nauyinsa ya taru wuri guda, har ƙarfin jansa ya kai ko haske in ya shiga ba ya fita. Ni na fi kowa maki a wannan darasi."

"Madalla. Tun da ka san shi, kai za ka je ka tambayo mana abin da yake nema."

Lurwanu ya koma ya zauna. Ya ce, "A littafi na san shi, ranki ya daɗe. Ba mu taɓa haɗuwa ba. Ga jarumai cike da birni, me ya sa sai ni?"

"Mu daga wuta aka halicce mu, shi kuwa haske ne abin marmarinsa. Duk jakadan da muka aika, tun daga nesa yake zuƙe shi kamar romo. Kai kuwa laka ne. Ba ka da daɗin ci."

Lurwanu bai san ko ya yi godiya ko ya ji haushi ba.

Aka ce sai an gwada shi tukuna, don ba a ɗaukar ma'aikacin sama da ka. Aka ɗora shi kan wani ƙaton faifai, aljanu huɗu suka murza. Faifai ya yi ta juyi har Lurwanu ya ga ƙeyarsa da idonsa. Koko da ƙosan da ya karya da su suka yi sallama da shi, suka fito suna yawo cikin zaure dunƙule-dunƙule, fadawa na kaucewa. Da aka tsayar, ya sauko yana tangaɗi ya rungumi ginshiƙi yana ce masa Iya. Magajiya ta ce ya ci wannan gwaji, don wanda aka gwada kafin shi har yau bai daina juyawa ba.

Sai aka kai shi ɗakin da babu nauyi, aka miƙa masa ƙwaryar fura aka ce ya sha. Yana sa ludayi furar ta tashi sama ta zama ƙwallo. Ya bi ta da iyo, baki buɗe, ta kauce. Ya bi ta ta hagu, ta faɗo masa a ido. Daga ƙarshe ya cire hularsa ya kama ta kamar mai kamun fara, ya shanye ta ta cikin hular. Wannan ma aka ce ya ci, ko da yake ba da ladabi ba.

Da aka zo gwaji na ƙarshe sai fada ta yi tsit. Magajiya ta ce, "Tafiyar sama doguwa ce, wuri kuma matsattse. Wanda bai iya zama da abokin tafiya ba, ba ya isa. Za a rufe ka cikin tulu kai da Barkono." Wani bafade ya share hawaye, ya dafa kafaɗar Lurwanu.

Aka rufe su. Barkono ya ɗauko labarin wani raƙumi da kawunsa ya taɓa gani. Lurwanu kuwa, wanda ya yi shekara da shekaru yana neman wanda zai tsaya ya ji bayanin haihuwar taurari bai samu ba, ya ga ga dama ta zo. Wannan na zuba, wannan na zuba, ba mai sauraron wani. Da aka buɗe tulun ana zaton a tarar da gawa, sai aka same su dafe da kafaɗar juna, kowa na rantsuwa bai taɓa samun abokin hira irin wannan ba.

Magajiya ta sa aka ba shi rigar gajimare wadda zai riƙa shaƙar iska daga cikinta. Sa'an nan ta sallami fadawa, ta rage murya.

"Saura abu guda, ba zan ɓoye maka ba. A bakin Haɗiyau lokaci tafiyar hawainiya yake. Kafin ka yi magana ɗaya a can, a garinku an yi shuka an yi girbi. Faɗi saƙo, ka ji amsa, ka juyo."

Wannan ma Lurwanu ya san shi a littafi, har ya taɓa burge 'yan aji da shi. Amma yau da ya ji, sai fuskar mahaifiyarsa Iya Saude ta faɗo masa, da ta ƙanwarsa Tasalla da ke makarantar sakandare. Iya ta fara manyanta, ga ciwon ƙafa. Can ya ce, "In ban je ba, ranar da Iya ke shanya wanki a cikinta ma ba za ta saura ba. A kawo tulun."

Barkono ya ce shi ma sai ya je, ai cikin tulun laka ba abin da zai same shi. Duk birnin ya goyi bayan tafiyarsa, har da masu rakiya da kalangu.

Suka shiga tulun nan na gwaji, aka ɗaura shi a wutsiyar wani tauraro, aka kife farantin satalayit a bakinsa ya zama murfi, makiyayi ya daka wa tauraron tsawa, suka cilla.

Suka bi ta gefen taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, 'yan tsakin suka biyo tulun suna tsattsaga, sai da Lurwanu ya watsa musu guntun ƙosan da ya maƙale a aljihunsa. Suka shiga wani fili inda duwatsu manya kamar unguwa ke karo da juna irin na raguna. Wani ya goge su, tulun ya tsage a gindi, Lurwanu ya tauna goron da Magajiya ta ba shi guzuri ya liƙe tsagar da tuƙarsa. Suka iske wani tsohon tauraro ja, kumburarre, yana nishi a bakin hanya. Suka gaishe shi, ya ce, "Ina za ku, 'yan samari?" Suka faɗa masa. Ya dube su, ya ce, "Allah ya jiƙanku," ya ci gaba da nishinsa.

Daga nan taurari suka fara ƙaranci. Tauraron da ke jan su ya toge, ya karkaɗa wutsiya ya tsinke igiya, ya juya da gudu ko waiwaye babu. Tulun bai tsaya ba. Wani abu ne yanzu ke jan sa.

Lurwanu ya ɗaga murfi kaɗan ya leƙa. Ya ga wata irin da'ira ta wuta, faɗinta ya fi hankali, tana juyawa kamar ana tuƙa tuwo, duk ragowar taurarin da aka cinye ne. A tsakiyarta kuwa babu komai. Baƙi ne wanda ya sa duhun rijiya ya zama kamar farin wata.

Sai ya lura tulun ya yi tsit. Ya waiwaya, bai ga Barkono ba. Ashe ta 'yar kafar da ya buɗe ramin ya zuƙo shi, ga shi can waje ya miƙe siriri kamar zaren wuta, hannu ɗaya maƙale da leɓen tulu, yatsu na zamewa. Bakinsa na motsi, amma ko maganar ramin na janye ta kafin ta iso.

Lurwanu ya dubi ƙasa, inda babu ƙasa. Duk benayen duniya in an ɗora su kan juna ba su kai farkon wannan zurfi ba. Ya so ya rufe ido yadda ya saba, amma mai rufe ido ba ya kama zare. Ya ce, "Bismillahi," ya fito gaba ɗaya, ya saki ƙafafunsa suna lilo a kan ramin, hannu ɗaya a wuyan tulu. Nan take ya ji ƙafafun na miƙewa kamar taliya a hannun mai murzawa. Ya kai hannu ya cafko Barkono, ya naɗe shi a yatsa, zafi ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa. Ya rasa inda zai ɓoye shi daga jan ramin. Sai ya tuna shi kansa laka ne. Ya jefa shi a baki ya rufe.

Ya koma cikin tulu da ƙyar, ƙafafun sai da ya naɗe su biyu kafin su shiga. Hawaye na zuba, hayaƙi na fita ta hancinsa.

Daga cikin kuncinsa Barkono ya ce, "Ka taimake ni, aboki. Amma haƙorin nan naka na ciki yana son a duba shi. Kakata ta wajen uwa tana da wani magani..."

Sai tulun ya girgiza. Ba da kunne Lurwanu ya ji muryar ba, cikin ƙasusuwansa ya ji ta, a hankali, mai nauyi.

"Wane ne wannan da ya zo ƙofata bai narke ba?"

Lurwanu ya tura Barkono gefen kunci da harshe, ya leƙo ya ce, "Salamu alaikum, ya babban sarari. Ni ne Lurwanu, jakadan Magajiya Walƙiya. An aiko ni in tambaya..."

"Wa alaikumus salam. Tsaya, ya kai baƙo. Ba a saƙo kafin gaisuwa. Tun da na zama abin da na zama, ba wanda ya taɓa yi mini sallama. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ranka ya daɗe, saƙon shi ne..."

"Akwai gajiya mana!" in ji Barkono ta bakin Lurwanu. "Wa zai yi wannan tafiya ya ce ba gajiya?"

Haɗiyau ya ce, "Ikon Allah. Baƙo ɗaya, amsa biyu. Ina aiki?"

"Da godiya."

"Yau ya fara," in ji Barkono.

"Ina mutanen gida?"

"Lafiya lau."

"Ya aka ji da hanya? Ya sanyin sarari? Ya ƙurar taurari? Kun biyo ta wajen tsohon nan ja? Ya jikin nasa?"

Lurwanu na amsawa yana waiwaye. Can nesa, inda ya baro, ya ga taurari na gudu suna zagaye kamar an kunna wa kaji wuta. Ya san abin da hakan ke nufi. Kowace "lafiya lau" da ya furta, damina ce ta wuce a Malumfashi. Ga shi tarbiyya ta hana shi katse babba yana gaisuwa, ga shi kuma babban nan in ya fusata loma ɗaya zai yi da su.

"To madalla," in ji Haɗiyau. "Madalla. Sannu. Sannu dai. Ina gajiya kuma?"

Da Lurwanu ya ji an koma farko, sai kuka ya ƙwace masa, kuka sosai irin na yaron da ya ɓata a kasuwa. Ɗigon hawaye ɗaya ya gangara ta leɓen tulu, ramin ya zuƙe shi.

Girgizar ta tsaya. Can Haɗiyau ya ce, "Na ci taurari, na ci duwatsu, na ci makiyaya da sandunansu. Ban taɓa ɗanɗana irin wannan ba. Mene ne shi?"

"Hawaye ne, ranka ya daɗe. Ina da uwa, ta tsufa. Duk gaisuwa ɗaya a nan shekara ce a wurinta. Ina tsoron in gama amsa maka in koma in tarar babu wanda zan gaisar."



Haɗiyau ya ce, "Da ina tauraro, ina da duniyoyi bakwai suna kewaya ni kamar 'ya'ya. Da ajalina ya zo na kumbura, na fashe, na farka na tarar ni na cinye su. Tun daga ranar duk wanda ya matso sai ya faɗo cikina, ba da nufina ba. In na yi kira, kiran ma dawowa yake in haɗiye. Kwanan baya na jiyo kiɗa da hayaniya daga birnin can, na ce bari in matsa kusa ko na ji ana hira. Ba yunwa ce ta taso ni ba, jakada. Kaɗaici ne."

"Ranka ya daɗe, in ka matsa, birnin zai faɗo cikinka, hirar ta ƙare."

"Na sani. To ya zan yi? Kai ka zauna. Ka iya amsa gaisuwa."

 Kafin Lurwanu ya amsa, sai leɓunansa suka buɗe da kansu.

"Ya babban sarari," in ji Barkono, da wata murya mai ladabi da ba a san shi da ita ba, "ina da tambaya. In ana ba ka labari, kana cewa a taƙaita?"

"Ban taɓa ƙoshi da komai ba."

"Kana tuna wani aiki da ka bari a gida, ka ce za ka je ka dawo?"

"Ba ni da inda za ni."

"In an ba ka labari yau, gobe aka sake ba ka shi?"

"Abin da ya shiga cikina ya shiga ke nan. Kullum sabo ne."

Lurwanu ya ji ɗan aljanin na rawa a kan harshensa. Barkono ya ce, "Aboki, tofar da ni cikin tulu. Na sami gida."

Lurwanu ya tofar da shi, ya ce, "Ka tabbata? Wurin nan ba a dawowa da wuri."

"Wa ke jirana a can? Ka ga rakiyar da aka yi mini, har da kalangu. Je ka gaida Iya."

Suka shirya. Tulun zai riƙa kewaya ramin daga nesa kaɗan, inda ja bai kai ya haɗiye shi ba. Lurwanu ya cire hularsa, wadda furar ɗazu ta sa ta yi tauri, ya toshe bakin tulun da ita don kada Barkono ya sake zubowa, ya bar 'yar kafa ta magana. Haɗiyau ya yi alkawarin ba zai ƙara gusawa ba muddin ana hira. Lurwanu ya hau farantin satalayit ya riƙe gefe da gefe.

Haɗiyau ya ce, "Riƙe da kyau, jakada. Ban taɓa mayar da abu ba, yau zan gwada." Ya ja farantin ya kewaya da shi sau ɗaya, ya wurga kamar dutse a majajjawa. Abu na ƙarshe da Lurwanu ya ji shi ne muryar Barkono yana cewa, "To, shi kakan nawa Attaruhu, kafin ya yi auren..." da kuma ramin yana amsawa, "Uhm. Sai aka yi yaya?"

Ya faɗo tsakiyar fadar Magajiya ya fasa mata kujera. Birni ya ɗauki guɗa, rabi don an tsira, rabi don an ji Barkono ya sami aiki a nesa. Magajiya ta ce ta naɗa shi Wakilin Rami, da gida da bara. Lurwanu ya ce ya gode, ya karɓa, amma a ba shi hutu tukuna, kuma a taimaka masa da guguwa mai sauri.

Da hantsi guguwa ta dire shi a ƙofar gidansu. Unguwar ta canja, ga benaye inda ya bar gonaki, ga yara da bai san iyayensu ba suna kallonsa baki buɗe. Ya nufi zaure da gudu, goshinsa ya daki saman ƙofa, ƙofar da a da ko da tsalle ba ya taɓa ta. Ramin ya ja shi ya zama zanƙalele. Ya sunkuya ya shiga, ya yi sallama.

Wata tsohuwa na zaune kan tabarma a inuwa tana tsince wake, kanta fari fat. Ta amsa, ta ɗago, ta ƙura masa ido. Ta dafa bango ta miƙe, ta matso, ta miƙa hannu don ta shafa fuskarsa, hannun bai wuce ƙirjinsa ba. Lurwanu ya durƙusa. Ta shafa goshi, ta shafa kunne, ta kama kunnen ta murɗe da ƙarfi.

"Kai ɗan nan! Ina ka shiga?"

"Aiki na samu, Iya."

"Shi ne ba aike?" Ta rungume kansa, suka yi ta kuka. Da ta nutsu ta ce, "An yi maka addu'ar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. Duk unguwa ta ci waina, kai kaɗai ba ka ci ba. Ni dai na ce musu wanda ke hawa tsani ido rufe ba zai yarda ya mutu a sama ba."

Sai ga wata mata ta fito daga ɗaki, babba, da tabarau, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Lurwanu ya gyara durƙuso ya ce, "Ina kwana, Hajiya."

Matar ta saki kofin da ke hannunta. "Yaya?"

Tasalla ce. Yanzu ta girme shi nesa ba kusa ba. Tun ranar da aka ce guguwa ta yi sama da wanta ta sa wa ranta sai ta san abin da ke can. Ta yi karatu har ta zama dakta, tana aiki a wata tashar binciken sararin samaniya, ba ta da aiki sai leƙen baƙaƙen ramuka ta na'urar hangen nesa. Hutu ne ya kawo ta gida.

Aka shimfiɗa tabarma ta biyu don ƙafafunsa su samu wuri. Ya ba su labari tun daga kan bene har majajjawa. Da ya gama Tasalla ta matso ta kama hannunsa.

"Yaya, ka san ko mece ce wannan? Duk duniya ba wanda ya taɓa zuwa inda ka je. Mu shekara da shekaru muna ƙoƙarin ganin inuwarsa kawai. Ka auna nauyinsa?"

"A'a."

"Faɗin bakinsa fa? Saurin juyawarsa? Zafin wutar da ke kewaye da shi?"

"Da zafi dai."

"Ko hoto ba ka ɗauka ba? To me kuka yi duk tsawon shekarun nan?"

Lurwanu ya sosa ƙeya. Ya ce, "Mun gaisa."

"Kun gaisa."

"Ya ce ina gajiya, na ce ba gajiya."

Tasalla ta cire tabarau, ta ɗora hannu biyu a ka, ta ce, "Wayyo Allah, kimiyya!"

Iya Saude ta ja ƙwaryar wakenta ta ci gaba da tsinta. Ta ce, "To me kike so ya yi? Yaro ya je garin mutane, ya tarar da babba, ya gaishe shi. Ke da kike leƙen bawan Allah ta bututu tun ba yau ba, kin taɓa yi masa sallama?"

A nan labarin ya tuƙe. Wanda ya ce ƙarya ne, ga hanya nan, ya je ya tambayi Haɗiyau da kansa, amma ya yi ban kwana da gida tukuna.